Igiya da Anini: Abin da Ya Raba Hafsa da Ƙaramin Soja

 Yau shirin namu bariki zai leƙa, mu duba wani abu da mutanen gari ke gani kullum amma ba kasafai suke bin diddiginsa ba. Za ka ga samanja mai furfura, wanda ya kwashe shekara ashirin da ɗoriya cikin kaki, ya je Darfur, ya kwana a ramukan Sambisa, da ya hango wani yaro sa'an ɗansa mai anini ɗaya a kafaɗa, sai ya ƙame ya sara masa. A ƙasar da yaro ke durƙusawa ya gaida babba, dole wannan ya ɗaure wa mutane kai. Amsar da aka fi bayarwa a majalisa ita ce yaron ya yi boko mai zurfi, ko kuwa ɗan manya ne. Kowacce tana da ƙamshin gaskiya, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da zan kafa hujja a kansa shi ne, an ja layi tsakanin hafsa da ƙaramin soja domin a san wanda za a tuhuma idan abu ya ɓaci, kuma duk wata alfarma da hafsa ke mora ba ta halasta sai gwargwadon yadda ya yarda a tuhume shi.

Tun daga ƙofar shiga hanya ta rabu. A rundunar sojan ƙasa ta Najeriya, ƙofar da aka fi sani ga ƙaramin soja ita ce Depo ta Zariya, wadda aka kafa tun 1924. Can yaro zai shiga yana kurtu, a kwashe masa suma, a gasa shi kusan wata shida da fareti da harbi da gudu da biyayya, ya fito farabiti, hannun riga fayau ba komai. Daga nan sai igiya: ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje, sannan sitaf saje, sannan manyan muƙaman da mutanen gari ke tarawa su kira samanja. Shi kuwa mai neman zama hafsa, babbar ƙofarsa ita ce NDA ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964. Wanda zai shiga sojan ƙasa yakan shafe shekara biyar a can, ya fito da digiri da anini ɗaya. Anini biyu laftanar, uku kyaftin, daga manjo mikiya ke sauka a kafaɗa, a yi ta hawa har kanal, har birgediya, har janar. Akwai kuma gajeren kwas ga waɗanda suka riga suka yi digirinsu a waje, irin su likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da limamai. A Nijar da sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, rabon ya fi ma fitowa fili, domin hawa uku ne rak, har matsakaitan da ke tsakanin hafsa da ƙaramin soja suna da makarantarsu daban a Agadas. Abin lura shi ne tsanin nan biyu ba su haɗe ba. Samanjan da ya fi kowa daɗewa a ƙasar, a idon doka, yana ƙasa da hafsan da aka yaye jiya.

Dalili kuwa yana cikin abin da aka miƙa wa yaron ranar yaye shi. Ƙaramin soja yarjejeniya ya sa wa hannu, cewa zai yi aiki na wasu shekaru, zai kuma bi halastaccen umarni. Hafsa takardar naɗi aka ba shi da sunan Shugaban Ƙasa, wanda sashe na 218 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ikon sarrafa rundunonin ƙasa. Wato an yanko wani yanki na ikon hukuma an danƙa masa, kuma ikon ba na wasa ba ne: ya tura 'ya'yan mutane inda za a iya kashe su, ya kuma ba su izinin buɗe wuta kan wasu 'ya'yan mutanen. Babu al'umma mai hankali da za ta saki irin wannan iko ba tare da ta san wuyan wanda za ta shaƙa ba idan aka yi ɓarna da shi. Don haka idan samanja ya sara, wannan naɗin yake sara wa, kuma shi ya sa doka ta wajabta wa hafsan ya mayar da sarawar, ko da kuwa farabitin da ya fito Depo makon jiya ne ya yi masa.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ce ta cikin littafi kawai, an rataye mutum a kanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarshen 1945, kotun sojan Amurka ta gurfanar da Janar Tomoyuki Yamashita na Japan a Manila, saboda kisan gillar da sojojinsa suka yi wa fararen hula a Filifin. Ba a kawo shaidar cewa shi ya ba da umarnin kisan ba. An kama shi da laifin cewa shi ne kwamanda, kuma bai hana ba, aka rataye shi a watan Fabrairun 1946. Har yau masana shari'a suna gardama kan ko an yi masa adalci, amma ƙa'idar ta zauna da gindinta, ta shiga sashe na 28 na Yarjejeniyar Roma ta 1998 wadda ta kafa kotun manyan laifuka ta duniya, Najeriya kuma ta amince da ita a 2001. Ƙa'idar ta ce kwamandan da ya san, ko ya kamata a ce ya san, cewa yaransa na aikata ta'asa, bai hana ba, bai kuma hukunta ba, laifin yana wuyansa. Wannan bai wanke ƙaramin soja ba. Tun shari'ar Nuremberg da aka yi wa manyan Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka daina karɓar uzurin cewa umarni aka ba ni idan umarnin haramcinsa a bayyane yake, kamar a ce harbe mata da yara. Amma dubi bambancin nauyin. Ƙaramin soja ana tambayarsa abin da hannunsa ya aikata. Hafsa ana tambayarsa abin da hannunsa ya aikata, da abin da hannayen mutum talatin, ko ɗari, ko dubu suka aikata yana kwance a ɗakinsa.

To, yaya aikin yake a aikace? Sabon hafsa yakan karɓi rukunin sojoji talatin ko sama da haka, a haɗa shi da saje. A ce an ba su aikin raka ayarin motoci gobe da asuba. Hafsan zai je ya karɓo umarni, ya baje taswira, ya zaɓi hanya, ya tsara inda za a tsaya da abin da za a yi idan an yi musu kwanton ɓauna, ya san wanda zai kira idan yana neman ɗauki. Saje kuwa tun da dare yana zagayawa da tocila. Zai ƙirga harsasai, ya leƙa bakin kowace bindiga, ya ɗaga jarkokin ruwa ya ji nauyinsu, ya sa wani ya cire takalmi domin ya lura da shi yana ɗingishi tun da rana. Ya san wanda matarsa ke asibiti hankalinsa ba ya jikinsa, ya san wanda ke da rawar kai ba a sa shi a motar gaba, ya san direban da ke gyangyaɗi idan rana ta take. Duk wannan babu shi a taswira. Abin ya yi kama da ayarin fataken Gwanja na da: jagaba ya fi madugu sanin kowane rafi da kowane zango, amma idan 'yan fashi suka watsa ayari, madugu masu kaya za su tsare da tambaya. Hafsa mai wayo yakan ja sajensa gefe ya ce, Saje, ya ka gani? Saje mai tarbiyya kuma yakan faɗi gaskiyarsa a can gefe, idan an fito gaban yara ya ƙame ya ce an gama, ranka ya daɗe. Rundunar da ta lalata wannan alaƙa, ko ta sayo jiragen duniya, ba za ta tsinana komai ba.

Yanzu bari mu saurari masu suka, domin suna da abin faɗa. Na farko zai ce duk wannan ado ne aka yi wa tsohon zalunci, asalin layin na bambancin gata ne. Tarihi yana bayansa ƙwarai. A Ingila, har zuwa 1871 da kuɗi ake sayen muƙamin hafsa a yawancin rundunonin ƙasa, mai gona da dukiya ya saya wa ɗansa kyaftin, talaka kuwa ya mutu da igiyarsa. Da tsarin ya zo ƙasashenmu sai ya ƙara da launin fata. Rundunar Najeriya tana ƙirga asalinta daga 1863, lokacin da Laftanar John Glover ya tara wasu Hausawa a Legas ya ba su bindiga, daga baya Lugga ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897. Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki, daga Legas har Kumasi, amma mai jin Hausar bai wuce samanja ba, duk jarumtarsa. Kakanninmu da suka je yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, Turawa ne hafsoshinsu. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara naɗa 'yan ƙasa, Zakariya Maimalari ya fito daga makarantar hafsoshin Ingila ta Sandhurst a 1953, kuma Bature ne ya ci gaba da jan ragamar rundunar har 1965, shekara biyar bayan samun 'yanci. A Kwango abin ya fi muni: ranar 30 ga Yunin 1960 da aka ba ƙasar 'yanci babu hafsa ɗan ƙasa ko ɗaya, ba a yi mako guda ba sojoji suka yi bore. A Janairun 1964 irin wannan bore ya tashi a Tanganyika da Yuganda da Kenya, kan albashi da kuma ci gaba da zaman hafsoshi Turawa.

Duk wannan gaskiya ne, amma abin da ya tabbatar shi ne cewa an daɗe ana zaɓen hafsa ta mummunar hanya. Bai tabbatar da cewa za a iya yaƙi ba tare da hafsa ba, kuma an gwada. A Disambar 1917, 'yan juyin juya halin Rasha suka soke muƙaman soja baki ɗaya, suka ce sojoji su riƙa zaɓen kwamandojinsu da ƙuri'a. Ba a shekara ba, da yaƙin basasa ya yi zafi, suka daina zaɓen, suka ma koma suna ɗauko tsofaffin hafsoshin sarkin da suka hamɓarar, dubbai a kan dubbai. A 1935 aka dawo da muƙamai, a 1943 kuma, ana tsakiyar gwabzawa da Jamus, aka dawo da alamomin kafaɗa da aka taɓa yi wa kallon tambarin zalunci. Sin ma ta soke muƙamai a 1965, ta dawo da su a 1988, bayan yaƙinta da Biyetnam na 1979 ya nuna irin ruɗanin da ke faruwa idan rundunoni suka cakuɗe ba a san na gaba da wani ba. Waɗannan gwamnatoci ne da aƙidarsu kacokan ta ginu kan rushe bambancin gata, ba su da wata sha'awar kare 'ya'yan sarakuna. Wuta ce ta koya musu cewa kwamandan da ke jiran ƙuri'ar yaransa ba zai iya tura su inda ba sa so ba, kuma idan kowa ne ya yanke shawara, ranar tuhuma ba za a sami kowa ba.

Mai suka na biyu ya fi zafi, kuma daga cikin bariki muryarsa ke fitowa. Zai ce hafsa na cikin sanyin ofis, gidansa daban, wurin cin abincinsa daban, albashinsa ninki-ninki, mu kuwa mu ake kwasowa a mota a rufe da bargo. Rabin farko na amsar lissafi ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusan kashi 17 cikin 100 na hafsoshin Ingila da suka shiga yaƙin sun mutu, a kan kusan kashi 12 na ƙananan sojoji, domin ƙaramin hafsa ne ke fara fitowa daga rami. A nan gida ma ba a manta da Laftanar Kanal Muhammad Abu Ali ba, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwambar 2016, ko Birgediya Janar Dzarma Zirkusu da ya faɗi a Askira Uba a Nuwambar 2021 yana kan hanyar kai ɗauki. Ita ma tazarar da ake sawa a wurin ci da wurin kwana tana da hujjarta, domin da wuya mutum ya hukunta wanda suka raba dare suna karta tare, ya fi wuya kuma ya zaɓi wanda zai tura gaba ba tare da an ce ya yi son kai ba.

Rabin amsar na biyu kuwa ba ya yi wa hafsoshi daɗi. A watan Mayun 2014, a barikin Maimalari na Maiduguri, sojoji suka buɗe wa motar kwamandan runduna ta 7 wuta, bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a Satumba, ta ƙara da wasu 54 a Disamba kan ƙin fita fagen daga, kafin a sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma a ƙarshen 2015. Ba na kare bore, domin rundunar da ke harbin kwamandanta ta gama zama runduna. Amma kukan da sojojin suka yi ta yi shi ne rashin makamai, kuma a 2015 ɗin ne aka fara binciken zargin karkatar da sama da dala biliyan 2 na kuɗin sayen makamai. Shari'ar ƙananan sojoji cikin watanni aka gama ta, shari'o'in manya kuwa suka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A nan mai sukar ya fi ni gaskiya. Idan hujjar fifita hafsa ita ce shi ake tuhuma, to duk ranar da tuhuma ta riƙa gangarowa ƙasa da gudu tana hawa sama da rarrafe, hujjar ta rushe, sai gidan da motar da albashin kawai suka rage. Maganin wannan shi ne a mayar da tuhumar inda tsarin ya ajiye ta tun farko. Rushe tsarin ba zai sayo wa kowa harsashi ba.

Akwai masu kawo Samuel Doe na Laberiya, sajen da ya ƙwace mulki a 1980, ko Idi Amin na Yuganda da ya taso daga ƙasa, su ce ga illar ba ƙaramin soja iko. Ni ban yarda da wannan hujja ba, ko da yake tana goyon bayan ɓangarena. Juyin mulkin Janairun 1966 manjoji ne suka kitsa shi, wasunsu 'yan Sandhurst, kuma duk wani juyin mulki da ya yi nasara a Najeriya hafsoshi ne suka jagorance shi. Makaranta ba ta hana ɓarna. Abin da ya fi dacewa a tuna daga waccan shekara shi ne abin da ya sami Birgediya Babafemi Ogundipe a ƙarshen Yulin 1966. Shi ne mafi girman muƙami a Legas bayan an sace shugaban ƙasa Janar Ironsi a juyin mulki na biyu, amma ya ba wani saje umarni, sajen ya ƙi bi sai ya ji daga bakin kyaftin ɗinsa. Daga nan Ogundipe ya gane aninin kafaɗarsa ba su da sauran amfani, ya bar ƙasar. Hafsoshi ne suka fara karya ƙa'ida da kashe manyansu a Janairu, wata shida kacal ya ishi darasin ya gangaro har kan masu igiya.

Saura suka ta uku, wadda ta fi dacewa da zamaninmu. Da can ƙaramin soja bai iya karatu ba, hafsa ne mai alƙalami. Yau sai da takardar sakandare ake shiga Depo, kuma bariki cike yake da kofur mai difloma da saje mai digiri, ga masu gyaran jirgi da na'urorin sadarwa waɗanda suka fi hafsansu sanin aikin nesa ba kusa ba. Mai sukar zai ce to me ya rage? Abin da ya rage shi ne abin da muka faro da shi, domin tun asali ba a ja layin don auna wanda ya fi ilimi ba. Sai dai wannan sauyi ya ɗora wa rundunoni wani wajibi: tunda gibin ilimi ya ragu, babu sauran uzurin ƙuntata ƙofar da ƙaramin soja zai bi ya haye. Ƙofar tana nan tun da daɗewa. Aguiyi-Ironsi farabiti ya shiga a 1942, ya zama hafsa a 1949, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci rundunar a 1965. Seyni Kountché na Nijar shi ma daga ƙasa ya faro a rundunar Faransa kafin ya shiga makarantar hafsoshi, har ya kai shugaban hafsoshin ƙasarsa a 1973. A yau ma rundunar Najeriya tana da hanyar naɗa gogaggun sojoji hafsoshi, kuma soja mai digiri yana iya neman gajeren kwas. Amma gurabe kaɗan ne, akwai iyakar shekaru, sai kwamanda ya sa hannu, kuma wanda ya haye a makare ba kasafai yake yin nisa a tsani na biyu ba kafin ritaya ta cim masa.

Don haka iyaye da samari masu sha'awar kaki, a yi lissafi tun kafin a cike fom. Wanda ya shiga Depo da niyyar zai juye ya zama hafsa nan da shekara biyu ko uku, ya sani cewa mafi yawan masu wannan niyya da igiyarsu suke yin ritaya, kuma hakan ba abin kunya ba ne ga wanda ya zaɓe shi ido buɗe. Wanda kuma ke da sakamako mai kyau da ƙananan shekaru, ya gwada NDA tun lokaci bai ƙure masa ba, domin iyakar shekarunta ta fi tsauri, kuma sai an bi ta jarrabawar JAMB. Rundunar sojan ƙasa ta sha nanata cewa ɗaukar kurata kyauta ne, saboda haka duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi a Zariya ko a Kaduna, a kai rahotonsa bariki mafi kusa.